Abin Da Lawali Ya Ce Sun Ce

"Yaron nan ya mutu ko bai mutu ba?"

Da wannan Rahina ta tari mijinta. Babu sannu da zuwa, babu ruwan sha. Lawali yana tsaye a bakin ƙofar ɗaki, ƙafa ɗaya cikin takalmi ɗaya a waje, ledar tumatir a hannu.

"Wane yaro?"

"Kada ka maida ni sakarai sau biyu a yini guda. Ɗan Hula nake nufi."

Lawali ya dubi wayar da ke yashe kan tabarma, ya dubi ƙanwarsa Sadiya da ta raɓe jikin randa tana murza bakin mayafinta. Nan ya san an yi ɓarin da ba ya kwasuwa.

"Kin kalla ba ni nan," ya ce ƙasa-ƙasa. "Mun yi alkawari ba mai wuce wani..."

"Alkawari? Yau kai ne da bakin faɗin alkawari?"

To, bari a ɗan koma baya, kada wanda bai san Ɗan Hula ba ya ɗauka ɗan maƙwabta ne ya ɗauki mayafi ya tafi gaisuwa. Ɗan Hula ba mutum ba ne, zane ne. Irin zanen nan mai motsi na mutanen Japan, wanda yara ke ce wa desan anime. Ido kamar faifai, hanci kamar ƙwayar gero, gashi kuwa kowane launi akwai ban da wanda Allah ya halitta.

Lawali yana da 'yar rumfa kusa da kasuwar Dole, a nan Damagaram, inda ake sa wa waya wuta, a zuba wa mutum fim ko waƙa a kati. Rahina 'yar Hamdara ce, ta zo birni wajen gwaggonta koyon ɗinki. Ran nan ta kawo wayar gwaggo a sa mata wuta, ta tarar yana kallon abin, ta tsaya ta leƙa. Tsayuwar da ta yi ke nan har yau.

Kowa ya zo, Lawali zuba masa yake yi buhu guda ya kama gabansa. Ita kuwa kashi ɗaya tak yake ba ta, wai katin gwaggo ba shi da wuri. Kati dai da wurinsa. Amma mai kashi ɗaya dole gobe ta dawo.

Mutanen ciki yarensu suke yi, a ƙasa kuma rubutun Faransanci yana gudu kamar kiyashi. Rahina ba ta yi nisa a lekol ba, wato makarantar boko, Lawali ya ɗan taɓa. Shi ke karantawa yana juya mata da Hausa. Da haka aka yi zance, da haka aka shafa fatiha. Wasu da turare suke neman aure, shi da bakin wasu ya nema. Don in ba a nan ba, Lawali ba ya magana. Ɗan fari ne, ya tashi a gidan da uwarsa Iya Jummai ba ta taɓa kama sunansa ba, daga "kai" sai "wancan". Ya girma da baki kamar rufaffen tulu.

Rahina kuwa abin ya shiga jininta. In ana layin famfo, ita ce rediyon matan unguwa.

"Ku ba ku gane ba," takan ce. "Ba faɗan ba ne. Mutum zai ɗaga takobi yau, ba zai sara ba sai jibi, don sai ya tsaya ya tuna uwarsa da abincin da ta dafa masa yana yaro. Suna tuɓe takalmi a bakin ƙofa kamar mu. Su durƙusa su ci abinci, har kwanon sai sun gode masa. In iska ta kaɗo ganye ɗaya, sai a bar ki da ganyen nan kina kallo yana saukowa, ba mai ce miki uffan, ki ji ƙirjinki ya yi nauyi ba ki san dalili ba."

"To sai me? Ganye a gidanmu ma yana faɗowa, shara muke yi."

"Ku tsaya mana. Kukansu... kukansu ne ke kashe ni. Ƙato da gemunsa zai wage baki, hawaye kamar an fasa tulu, ya kira sunan wanda ya rasa har duwatsu su amsa. Ba mai ce masa ya isa. Ba mai ce masa ana ganinka."

Matan su tuntsire da dariya, su ce Rahina tele ta aura.

Wanda suka fi daɗewa a kai, labarin wani gari ne da ruwansa ya gudu. Sama ta ɗauke shekara da shekaru, ko ɗigo, rijiyoyi suka ƙafe. Wannan kam mutumin Damagaram ba sai an fassara masa ba. Mutum uku suka fita neman inda ruwan ya tafi: wata mace mai tsanwan gashi, wani maƙeri mai tabo a kumatu wanda magana ke yi wa wuya, da wani ɗan mitsitsin yaro da suka tsinta a hanya, hularsa ta fi kansa girma, kullum da yunwarsa. Sunayensu sun fi ƙarfin harshen Rahina, sai ta raɗa musu nata: Tsanwa, Maƙeri, Ɗan Hula.

Suna tsakiyar labarin nan Rahina ta haihu. Namiji, aka sa masa Umaru. Ɗan fari ne, don haka ba ta kama sunansa, ba ta yi masa wasa gaban mutane. Sai an saki labule take cinye masa kumatu.

Bai cika shekara ba, cikin damina, zazzaɓi ya kama shi da la'asar. Aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya, hanya ta zama kogi, ko kabu-kabu ɗaya, mai babur ɗin haya, babu. Suka jira ruwan ya ɗauke. Kafin su isa likita, Mai abu ya karɓi abinsa.

Ta buɗe baki za ta yi ihu, Iya Jummai ta riƙe mata hannu.

"Kul. Na fari ne. Haɗiye, idon mutane na kanki."

Uwar Rahina ta zo daga Hamdara, ita ma abin da ta ce ke nan. Rahina ta haɗiye. Lawali kuwa washegari da sassafe ya ɗauki makullansa ya tafi rumfa. Ƙarar makullan nan ba ta bar kunnen Rahina ba.

Da aka kwana biyu, wata rana bayan magariba, ya jingina wayar jikin kwano kamar da, ya zauna. Ta zauna. Aka ci gaba.

"Ina Ɗan Hula?" ta ce.

"Sun bar shi wajen wata tsohuwa a bisa dutse, tana koya masa karatu. Kashin da aka nuna ya lalace, bai buɗe ba."

"Ana ba shi abinci dai ko?"

"Har ya yi kumatu."

Daga nan Tsanwa ta riƙa yawo da hular yaron a ƙirji, tana kuka. Maƙeri kuwa da ba ya magana, sai ga shi ya zama mai dogon zance a bakin Lawali. Rahina ta sami inda za ta zubar da nata. Kukan fim ai ba kunya a ciki, ko Iya Jummai sai dai ta yi tsaki ta wuce.

Shekara ta zagayo a haka. Sai ga Sadiya, da ke karatun lise, wato sakandare, a Yamai, ta zo ƙarshen hutu. Rana ta yi zafi, Lawali yana rumfa, mata biyu na unguwa sun shigo kitso. Rahina ta ce bari ta nuna wa 'yar boko abin daɗi, ta kunna wani kashi da suka riga suka gani, tana faɗin maganar da ka tun kafin Maƙeri ya buɗe baki.

"Tanti, ba haka ya ce ba fa," in ji Sadiya. "Cewa ya yi igiyar jakar ta kusa tsinkewa."

"Ke dai duba da kyau."

"Ga shi nan a rubuce. Kuma wane karatu? Yaron ai ya mutu. Ji abin da matar ke cewa, wai tun ranar da muka binne shi."

Mai kitso ta saki kai ta riƙe ciki.

"Ashe Japan ɗin a rumfar Dole take. Rahina, shekara nawa ana yi miki tatsuniya?"

Wannan dariyar ce ke cin Rahina har Lawali ya shigo da tumatirinsa.

"Ina jinka," ta ce. "Ya mutu ko bai mutu ba?"

"Ya mutu."

"Tun yaushe?"

"Tun kashin da na ce ya lalace."

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Shekara guda ina cika baki a famfo, ina cewa yaron nan zai dawo da gemunsa. Shekara guda ina zaune gabanka ina hawaye, kana zuba mini abin da ka ga dama, kana kallona."

"Rahina..."

"Naka ya mutu, ka ɗauki makulli. Na zane ya mutu, ka ɓoye gawar. Kai wane irin mutum ne, Yaya Lawali? Duk wata magana mai daɗi da na taɓa ji a gidan nan, ta Maƙeri ce. Yau an ce shi ma bai faɗa ba. To faɗa mini ɗaya wadda take taka. Ɗaya tak, da bakinka, ba waya."

Ya buɗe baki. Ya dubi ƙanwarsa, ya dubi ƙofar uwarsa inda labule ke motsi. Ya rufe.

"A kan zane za a tara mana jama'a?" in ji Iya Jummai daga ciki.

Da gari ya waye, motar Hamdara da Rahina ta tashi.

Ubanta Malam Musa yana gyara bakin rumbu ta yi sallama. Ya ga ƙunshin kaya, bai tambayi lafiyar hanya ba. Da ya ji abin da ya kawo ta, sai ya karkaɗe hannu.

"Dama na faɗa. Auren da aka ƙulla a kan 'yan aljanu ina zai je? Wanda ya yi miki ƙarya a wasa zai yi miki a gaske. Ni tun ranar da aka ce ya buɗe rumfa, ƙasar kabarin jikana ba ta bushe ba, na cire shi a raina. In ya zo biko, takarda zai ajiye ya koma."

"Baba, ni ban ce..."

"Ni na ce. In kuwa kika bi shi, ba da yawuna ba."

Ta sunkuyar da kai. Ita ta kawo ƙara, ga shi an yanke hukuncin da ya fi ƙarfin ƙarar.

Kaka ta shigo, aiki ya yi yawa, amma aiki bai cinye mata magariba ba. Lokacin nan da ake jingina waya jikin kwano, sai ta ji hannunta yana lalube gefen tabarma. Ta tsane shi, haka take gaya wa kanta. Sai dai mai tsana ba ta ware ƙosasshiyar gyaɗa gefe guda don wani yana son ta da gishiri. Uwarta Inna Bintu tana gani, ba ta tanka ba. Tsohuwar nan ta iya jiran tuwo ya huce.

Ran nan suna ɓarar gyaɗa a inuwar rumbu, Inna ta ce:

"Ke, ba ni labarin aljanun nan naku. Ko ƙarya ce a ji ta, bakin aiki ya yi sauƙi."

"Inna, bar shi."

"Au, matan famfo sun fi ni?"

Rahina ta fara da ƙyar. Kafin a cika ƙwarya ta manta da fushi. Ta faɗi garin da sama ta ɗauke masa, ta faɗi Tsanwa, ta kwaikwayi tafiyar Ɗan Hula da hularsa tana rufe masa ido. Inna har da ƙyaƙyatawa.

"To shi Maƙerin, da ya sami baki, me yake cewa?"

"Ƙarya ce fa, Inna."

"Na sani. Faɗi."

Rahina ta runtse ido. Ta haddace maganganun kamar karatun allo.

"Akwai inda suke zaune bakin wuta, ya ce mata, ba laifinki ba ne, ki daina duba hannuwanki. Akwai inda ya ce, in kin ga na fita da sassafe, ba don na manta ba ne, ɗakin ne ya yi mini faɗi. Ya ce, har yanzu in na wuce mai ƙosai sai na sayi na yaro, in tuna a hanya, in ba wani. Akwai inda ya durƙusa ya ce, ki yafe mini. Ni na ce a jira ruwa ya ɗauke. Da na saɓa shi a kafaɗa na ratsa da ƙafa..."

Inna ta jefa ɓawo gefe.

"Tsaya. Ba kin ce garinsu ko ɗigo ba a yi ba?"

"Eh, shekara da shekaru."

"To wane ruwa ne za a jira ya ɗauke?"

Hannun Rahina ya tsaya cikin ƙwarya.

"Kuma su Japan ɗin, ƙosai suke ci?" Inna ta ɗauki wata gyaɗar ta fasa. "Ni ban yi lekol ba, ban san Faransanci ba. Amma wannan maƙerin naku na san uwarsa, Jummai sunanta. Kin ce ya ba ki magana ɗaya wadda take tasa. Shekara guda yana ba ki, kina cewa sannu Maƙeri."

Rahina ta toshe baki da bakin zane.

"Amma Inna, makullan... washegari fa."

Inna ta ɗan leƙa ta ga ba kowa, ta rage murya.

"Ke ba ke ce ta fari ba a ɗakin nan, kin sani. Ran da aka binne wancan na farin, ubanki gona ya tafi. Ya nome tasa, ya faɗa ta maƙwabci ba a sa shi ba, sai da hannunsa ya fashe. Na yi wata ban yi masa magana ba. Maza ne, 'yar nan. An hana su hawaye, sai su zubar da gumi."

"To shi Baba me ya sa ya tsani..."

"Wa ke son ganin fuskarsa a madubin da bai saya ba?"

Rahina ta kifa kai a gwiwa. Can ta ce:

"Baba ya riga ya faɗa fa. In na koma ba da yawunsa ba."

"Wannan kuma tsakaninki da shi. Ni dai gyaɗa nake ɓara."

Ran kasuwa da hantsi aka ji moto, wato babur, ya tsaya a ƙofar gida. Lawali ne da baffansa Suma'ila, sun zo biko. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure. Rahina tana bayan zana, ta kasa kunne.

Baffa Suma'ila ya yi ta jero haƙuri, zaman aure sai da kau da kai, yaro ya yi kuskure. Malam Musa ya bar shi ya gaji, sannan ya juya wajen Lawali.

"Kai nake son ji. Ɗanka ya kwana ɗaya a ƙasa ka buɗe rumfa. Kuɗin wuta ne ba sa jira?"

Lawali ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya yi ta kallon tabarma har Baffa ya zungure shi.

"Baba," ya ce da ƙyar, "in na zauna a gida, zan yi abin kunya gaban mutane."

Malam Musa ya dubi tafin hannunsa, ya juya shi, ya kife a gwiwa. Amma tsoho in ya hau dokin magana ba ya son a ga saukarsa.

"Na riga na yi magana. A ba shi takarda da alƙalami."

Nan Rahina ta ji ƙafafunta sun ɗauke ta. Ta zo bakin zaure ta durƙusa, mayafi har goshi.

"Baba, ka yi mini rai. Ban taɓa tsallake maganarka ba, yau ma ba zan tsallake ba. In ka ce in zauna, na zauna. Amma akwai abina a hannunsa. Ka bari ya ba ni kafin ya rubuta."

"Mene ne? Zinari?"

"Kashi ɗaya ne da ya ce ya lalace."

Baffa Suma'ila ya dubi Malam Musa, Malam Musa ya dubi rufin zaure. Bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Inna Bintu daga tsakar gida ta ce ai inuwar rumbu ba kowa.

Suka zauna a bakin tabarma, tsakaninsu wurin mutum guda. Zana ce kawai ta raba su da zaure. Lawali ya cire hularsa, ya zaro wani ɗan kati daga naɗin ciki.

"Ashe ba ka goge ba."

"Na kasa."

"Ka kalla?"

"A rumfa. In ba mutane."

Ya sa katin, ya jingina wayar jikin ƙwaryar gyaɗa. Rubutu ya fara gudu, ya buɗe baki don sabo.

"A'a," ta ce. "Yau ba fassara."

Ba a kuwa buƙata ba. Ga Ɗan Hula kwance a cinyar Tsanwa, leɓensa sun bushe. Maƙeri ya matse 'yar salkarsu, ɗigo ɗaya ya fito, ya kai bakin yaron. Yaron ya yi murmushi, ya cire hular ya ɗora wa Tsanwa a ka. Hannun ya sauko a hankali, irin saukowar ganyen nan. Kiɗan ya ɗauke. Sai Maƙeri, ƙaton nan mai tabo, ya faɗi bisa gwiwoyinsa ya kira sunan yaron, ya sake kira, duwatsu suna maido masa.

Rahina ta juya. Lawali ba wayar yake kallo ba. Hawaye ya jiƙe masa gaban riga, yana cizon hannunsa kada sauti ya fita.

"Me ya sa ka ɓoye mini?"

"Kin binne ɗaya. Na ce ba za ki binne biyu ba ina da iko." Ya ja numfashi. "Rahina... ni ne. Ni na ce a jira ruwa ya ɗauke. Kin ɗauko zane za ki goya shi, na ce ki bari. Kullum in na dube ki sai in ga kina tuna."

"Ni kuma na ce to. Na ajiye zanen da hannuna. Kullum in ka ɗauki makulli, sai in ce guduna kake yi, ba ka son ganin wadda ta kasa riƙe maka ɗa."

"Ke? Wallahi in ba ke a gidan nan, ban san ƙofar da zan shiga ba. Tun da kika tafi ban kunna komai ba. Rahina tawa... ban iya magana ba, kin sani. Amma duk abin da na ce ya ce, ni na ce."

Ta matso, wurin mutum gudan nan ya rufe. Ta kama hannun da ya ciza ta riƙe.

"Na ji," ta ce. "Na ji, Baban Umaru."

Sunan ya fita. Tun ran suna bai taɓa fita daga bakinta a fili ba, sai yau, a tsakar gidan ubanta, rana tsaka. Lawali ya saki abin da ya riƙe shekara guda. Ita ma ta saki. Ba irin na zane ba ne mai kyan gani, irin namu ne, da majina da shessheƙa, suna kiran yaron suna sake kira.

A zaure Baffa Suma'ila ya yunƙura zai tashi ya tsawatar. Malam Musa ya danne masa gwiwa, ya miƙa hannu ya murɗa rediyonsa har ƙarshe. Ranar duk wanda ya wuce ƙofar gidan farashin gero ya ji, bai ji komai ba bayan wannan.

Takarda dai ba wanda ya sake tambayarta. Da la'asar Rahina ta zo ta durƙusa gaban ubanta da ƙunshin kayanta a gefe, ba ta ɗauka ba. Jira take. Tsohon ya daɗe yana jan carbi.

"Uwarki ta ware wata gyaɗa can," ya ce. "Wai ke kika zaɓe ta. A nan ba mai cin ta da gishiri."

Shi da kansa ya ɗaure buhun a bayan moto, ya ja igiyar ya sake ja. Baffa Suma'ila ya ce shi zai bi motar kasuwa. Gabas ta yi baƙi, irin hadarin nan na bankwana da ke zuwa ƙarshen damina, iska ta fara kaɗa karan gero.

Lawali ya durƙusa zai yi sallama. Malam Musa bai dube shi ba, hadarin yake kallo.

"Kai, Lawali."

"Na'am, Baba."

"In ruwa ya tare ku a hanya, ku sami wuri ku jira ya ɗauke. Kowa haka yake yi. Ba laifi ba ne."

Rahina ce ta amsa a madadin Lawali, ta ce to, Baba. Ta hau bayan mijinta, ta riƙe gefen rigar nan da ba ta gama bushewa ba.